Ranar da Ƙwararre Ya Ce Kowa Ya Ɗaga Waya

Duk wanda ya taɓa sayen tikiti a ƙofar gandun namun dajinmu ya san hannun Ƙwararre, amma ba lalle ne ya san fuskarsa ba. Tagar da yake zama a bayanta ƙarama ce, kuma an yi ta ƙasa-ƙasa. Kai dai ka miƙa kuɗi, hannu ya fito da takarda, shi ke nan. Wannan abu ya daɗe yana ci masa rai, domin ya yi imani cewa Allah ya ba shi fuskar shiga gaban jama'a, aka yi kuskure aka ajiye shi a rami. Sunan Ƙwararre kuwa shi ya jawo wa kansa. Ba abin da za ka ambata, daga gyaran famfo har ciwon haƙori, da ba zai ce maka shi ƙwararre ne a kai ba.

Ni ne direban motar da ke zagayawa da baƙi cikin daji, kuma ƙofata na kallon tasa a gidajen ma'aikata. Don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

A shekarar da abin ya faru baƙi sun yi mana ƙaranci, har na koma wanke motar da ba ta je ko'ina ba. Ran nan Manaja ta tara mu a ofishinta. Mace ce mai magana a hankali, irin wadda sai ka koma gida kake gane an yi maka faɗa.

"Sauran gandaye duk suna aiki da shafukan sada zumunta," in ji ta. "Kullum sai sun sa hoton giwa ko zaki, mutane su yi tambaya a ba su amsa, ƙarshen mako ka ga motoci a ƙofarsu. Mu namu shafin, tun hoton allon ƙofa da aka sa ranar buɗe shi, ba a ƙara komai ba. Wa zai iya riƙe mana shi?"

Kafin ta rufe baki Ƙwararre ya miƙe yana gyara tabarau.

"Ranki ya daɗe, yau aka zo fagena."

"Wane fagen?" in ji Iya mai kantin abinci. "Kai da in an kira ka sai ka kashe wayar garin ɗauka?"

"Iya, ba maganar yatsa ake ba, maganar ƙwaƙwalwa ake. Ranki ya daɗe, ki ba ni shafin nan. In ban cika wurin nan da mutane ba har a rasa inda za a ajiye mota, ki canza mini suna."

Kusa da ofishin Manaja akwai wani ɗaki da ba kowa, mai tebur da labule da wata baƙar kujera mai juyawa. Duk mun san yadda Ƙwararre ke rage tafiya in ya zo wucewa ta wurin. Manaja ma ta sani. Ta ɗauko sabuwar wayar ofis ta miƙa masa.

"In baƙi suka cika wurin nan kafin hutun makaranta ya ƙare, kujerar can taka ce. In ba su cika ba, taga na nan tana jiranka."

Da yammacin ranar ina zaune a ƙofar ɗakina na ji shi yana waya da surukinsa, mahaifin matarsa, wani dattijo mai ji da kansa wanda bai taɓa ɓoye cewa ya so 'yarsa ta auri mai ofis ba.

"E, Baba, an ɗora ni a kan harkar labarai ta gandun baki ɗaya. Ofis da komai, har da kujera mai juyawa."

Da ya ajiye waya matarsa ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Baban yara, ai ba a ba ka ba tukuna."

"An ba ni. Zama ne kawai ban yi ba."

Washegari ya sa na fita da shi daji. Ya sayo wata doguwar sanda ta ɗaukar hoto da hular kwano irin ta mafarauta, ya zauna a gaba yana ba ni umarni kamar shi ya shuka dajin. Muka hango giwa can bakin ruwa.

"Direba, matsa kusa."

"In ta taso mana fa?"

"Ni ƙwararre ne a kan giwa. Ido nake sa mata, ta san da wa take yi."

Na matsa kaɗan. Giwa ta juyo, ta kaɗa kunne sau ɗaya don korar ƙuda. Da na waiga ban ga Ƙwararre ba, sai hular kwano a kan kujera. Hoton da ya ɗauka a wannan karon na diddigena ne a kan birki.

Hotunan da suka samu shiga shafi ma ba su fi wannan ba. A kowanne fuskarsa ce ta cika wuri, dabbar kuma tana can bayan kunnensa kamar ɗigon tawada. Masu bibiyar shafin ba su da yawa, amma Allah ya ba su baki. Wani ya rubuta, "Malam, ɗan matsa mu ga giwar." Wata ta ce, "Wace dabba ce wannan mai tabarau, kuma me take ci?" Ƙwararre ya wuni yana mayar musu da martani, ya ce wa ɗaya ɗan hassada, ya ce wa ɗaya ya zo ƙofa su haɗu in ya isa.

Bayan nan ya sa bidiyon wata dorina da ya ce ya shafe tsawon lokaci yana fakonta a tafki. Mutane suka yaba da haƙurin dorinar, don ko numfashi ba ta yi. Da ruwa ya ja baya sai ga dutse. Har yau in na wuce da baƙi ta wurin sai an samu mai tambaya ko nan ne dorinar Ƙwararre take.

Hutu ya ci rabi, baƙi ba su ƙaru ba. Ƙwararre ya fara ramewa, ya daina rage tafiya a ƙofar ɗakin nan.

"Matsalar dabbobin nan," ya ce da ni, "ba su san aiki ba. Ba sa tsayawa."

A bayan kanti akwai wata babbar bishiya inda birai ke taruwa. Shugabansu wani ƙaton gwaggon biri ne mai yagaggen kunne, wanda muke kira Ciyaman saboda yadda yake zama ya harɗe hannu yana kallon kowa kamar an makara masa taro. A jikin bishiyar akwai allo da manyan baƙaƙe: AN HANA CIYAR DA DABBOBI. Ƙarƙashin wannan allon Ƙwararre ya buɗe makarantarsa.

Dabararsa mai sauƙi ce. Da sassafe, kafin Iya ta buɗe kanti, sai ya cika aljihun hagu na wandonsa da gyaɗa. Ya ɗaga waya sama da hannun dama, hannun hagu kuma ya watsa gyaɗa ta ƙasa inda kyamara ba ta gani. Ba a jima ba birai suka haddace darasi. Da zarar waya ta tashi sama sai su zo su zauna a layi, su zuba mata ido, ko motsi ba sa yi.

Shafi kuwa ya kama wuta. Birai a jere kamar 'yan makaranta, Ciyaman a tsakiya, Ƙwararre a gefe yana bayani. Mutane suka yi ta turawa juna. Da aka tambaye shi sirrin, sai ya rubuta cewa baiwa ce, shi da dabbobi ido da ido suke magana. Manaja ta kira shi.

"Ba dai abinci kake ba su ba?"

"Ni? Ranki ya daɗe, ai allon nan da shawarata aka rubuta shi."

A gida kuma matarsa ta fara zargin ɓeraye. Ta ce ba ta taɓa ganin ɓeran da ke buɗe kwano ya ɗiba ya mayar da murfi ba.

Akwai wani abu game da gandunmu da Ƙwararre ya manta. Sabis ɗin waya a wurin ba ya samuwa sai ka fita fili ka ɗaga wayar sama kana yawo da ita kamar mai tare motar haya. Haka kowa ke yi, daga Manaja har mai gadi.

Ni aka fara taɓawa. Na fito bayan gida na ɗaga waya zan kira ƙanena, da na sauke ido sai ga birai zaune a gabana sun yi layi. Na ce musu sannunku. Ba su amsa ba. Da suka ga shiru ya yi yawa, ɗaya ya tashi ya shiga ɗakina ya fito da burodin karin kumallona.

Kashegari Iya ta ɗaga tata a ƙofar kanti, aka kwashe mata tiren ayaba. Mai gadi ya rasa abincin ranarsa da kwanon duka. Matar Ƙwararre kuwa tana shanya ta ɗaga waya za ta gai da mahaifinta, Ciyaman da kansa ya zo ya zauna a kan bokitinta, ya miƙa mata hannu. Muka taru a ƙofar Ƙwararre.

"Biran nan sun lalace," in ji Iya. "Wani ne ya lalata su."

"Ba lalacewa ba ce, wayewa ce," in ji shi. "Sun saba da mutane, abin da ake nema ke nan. Ku ba ku san harkar zamani ba."

"To ka ce wa wayayyun naka su dawo mini da tirena."

"Iya, in na zauna a kujerar nan, tire nawa ne?"

Maimakon ya sha jinin jikinsa sai ya ƙara wuta. Ya sanar a shafi cewa Asabar ta ƙarshen hutu ranar hoto da birai ce, kuma za a nuna komai kai-tsaye ga duk duniya. Ya kira surukinsa ya ce lalle ya zo ya ga aikinsa da idonsa.

Gaskiya ɗaya ce, mutane sun zo. Tun hantsi motoci suka cika fili, aka fara ajiye wasu a bakin hanya. Ga iyalai da tabarmi da kulolin abinci, ga 'yan makaranta, ga 'yanmata sun ci kwalliya don hoto. Manaja ta tsaya tana kallo, na ga ta yi murmushi a karo na farko a shekarar. Suruki ya iso cikin farar riga mai guga da sabuwar hula, aka ba shi kujera a sahun gaba, matar Ƙwararre a gefensa. Ƙwararre kuwa ba a magana. Hular kwano, tabarau, sandar hoto, da lasifika a rataye a wuya. Aljihunsa na hagu ya ɗan kumbura, amma sai wanda ya sani zai lura.

Ya tara jama'a ƙarƙashin bishiya, ya kunna kai-tsaye, ya yi jawabi mai tsawo a kan baiwarsa. Ya nuna surukinsa ga kyamara. Sannan ya zo kan abin da ya tanada don burge kowa.

"Yanzu ina so kowa a nan, babba da yaro, ya ɗaga wayarsa sama."

Hannaye suka tashi kamar an shuka su. Na tsaya kusa da motata na lalubi makulli a aljihu.

Da farko rassan bishiya ne suka fara motsi. Sai ciyawa. Sai ga birai suna fitowa ta ko'ina, waɗanda muka sani da waɗanda ba mu taɓa gani ba, iyaye da 'ya'ya a baya, har da wasu tsofaffi masu ɗingishi. Ashe labarin makaranta ya zaga daji. Suka zo suka zauna sahu-sahu a gaban jama'a, Ciyaman a gaba, duk suka ɗaga kai suna kallon wayoyi. Sai aka ɓarke da tafi. Suruki ya gyaɗa kai, ya juya ya ce wa na kusa da shi, "Mijin 'yata ne."

Ƙwararre bakinsa har kunne. Amma na ga hannunsa na hagu ya taɓa aljihu, ya dubi yawan biran, ya dubi Manaja da ke tsaye dab da shi, sai hannun ya koma inda ya fito.

Birai suka jira. A iliminsu kowace waya da gyaɗarta, kuma yau ga wayoyi sun fi ganyen bishiya. Suka ƙara jira. Ciyaman ya sauke kai ya dubi ƙasa, bai ga komai ba. Ya tashi a hankali ya taka har gaban mutumin da ya fi kowa kama da mai ba da umarni, ya miƙa wa Suruki hannu.

"Me yake so?" in ji Suruki.

"Gaisuwa ce, Baba," in ji Ƙwararre ta lasifika. "Yana girmama manya."

Suruki ya miƙa hannu zai gaisa. Ciyaman ya juya tafin ya duba, ya shinshina, ya sake shi, ya cire masa hula ya leƙa ciki.

Kamar an busa usur. Birai suka bazu cikin jama'a, kowanne ya nufi mai wayar da ya zaɓa. Ba su ciji kowa ba, bincike kawai suke yi, kuma sun fi masu binciken kan hanya iya aiki. Aka buɗe jakunkuna, aka kwashe kuloli, aka zazzage aljifai. Wata mata ta riƙe kular shinkafarta ta gefe ɗaya, biri ya riƙe ta ɗaya gefen, tana ce masa ba shi da tarbiyya. Wani ƙato da ya zo da kyamara mai dogon baki ya ranta a na kare ya bar takalmi. Kafin in buɗe motata mutane sun cika ta har kan rufi. Iya ta kulle kanta a kanti tana leƙe ta taga tana kiran sunan tirenta.

"Jama'a a kwantar da hankali," in ji Ƙwararre. "Duk yana cikin shiri. A sauke wayoyi."

Ba wanda ya sauke. Wa zai sauke waya ana irin wannan?

Ciyaman dai bai yarda da ƙananan bincike ba, ya san inda baitulmali yake. Ya dawo gaban malaminsa da hular Suruki a hannu, ya zauna, ya kafa wa aljihun hagu ido.

"Tafi," in ji Ƙwararre ƙasa-ƙasa, ya manta lasifika a kunne take. "Don Allah tafi, gobe zan ninka maka."

Kowa ya ji. Manaja ta juyo.

Ciyaman ya sa hannu a aljihun ya ja. Aljihu ya ƙi, shi ma ya ƙi. Wando ya yanke hukunci, ya tsage tun daga ƙugu har gwiwa, gyaɗa ta zubo ta gangara har kan takalmin Manaja, daidai ƙarƙashin allon da aka rubuta da shawarar Ƙwararre. Garin kama wando da hannu biyu ya saki sandar hoto. Ciyaman ya cika baki da gyaɗa, ya ɗora hular Suruki a kansa, ya ɗauki sandar ya haye bishiya.

Wayar kuwa ba ta daina nunawa kai-tsaye ba. Daga baya duk mun kalla, kuma dole in faɗi gaskiya, ba a taɓa ɗaukar gandunmu da kyau irin na ranar ba. Ciyaman ya fara da fuskarsa, hula a karkace. Sannan ya juya sandar, aka ga dajin gaba ɗaya daga sama, tafki na ƙyalli, garken giwaye na ratsawa, raƙuman dawa a can nesa. Abin da Ƙwararre ya kasa samu duk tsawon hutu, biri ya same shi a zama ɗaya. A ƙarshe ya nuna ƙasa, inda wani mutum mai hular kwano ke riƙe da wando yana ɗaga kai yana cewa, "Ciyaman, ranka ya daɗe, wayar ofis ce."

Suruki ya tashi, kansa a buɗe yana sheƙi a rana.

"Wannan shi ne ofishin naka?"

"Baba, ai wannan reshen waje ne."

"Na ga reshen," in ji Suruki. "Ga mai ofishin can a zaune a kai."

Ya wuce motarsa. Matar Ƙwararre ta cire mayafinta ta ɗaura wa mijinta a ƙugu, ta ce, "Ashe kai ne ɓeran." A nan dariyata ta tsaya, na ji tausayinsa ya kama ni, don na san ba gyaɗa ko shafi ne damuwarsa ba. Mutum ne da ya gaji da zama hannu a taga.

Mun ɗauka gandun ya mutu ke nan. Sai ga shi bidiyon ya zaga duniya. Asabar mai zuwa motoci suka fi na farko, kowa na tambayar birin da ke ɗaukar hoto. Aka sa fuskar Ciyaman da hularsa a goshin shafi. Sai dai likitan dabbobi ya ce muddin ba a goge wa biran darasinsu ba, wata rana za su ji wa wani rauni. Magani ɗaya ne: wanda ya koya musu ya riƙa zama a gabansu kullum, ya ɗaga waya, kada ya ba su komai, har su fid da rai.

Manaja ta kira Ƙwararre a gabanmu.

"Ka ce za ka cika wurin nan da mutane, kuma ka cika. Ni ba na saɓa alkawari. Kujera taka ce."

Idonsa ya kawo haske. "Da ofishin, ranki ya daɗe?"

"Kujera na ce. Direba, ku taimaka a kai masa ita ƙarƙashin bishiya. Likita ya ce ta baya biran suke zagayowa, zai buƙaci mai juyawa."

Yanzu haka in ka zo gandunmu da safe za ka same shi a can, zaune a baƙar kujerarsa, hannu a sama da matacciyar waya, aljifansa a zazzage a waje don birai su shaida. Yana juyawa dama, yana juyawa hagu. Birai na zaune a gabansa, baƙi na tsaye a bayan igiya suna ɗaukarsa, an gargaɗe su kada waya ta wuce ƙirji. Ba wanda bai san fuskarsa ba yanzu, har yara kan nuna shi a kasuwa.

Jiya na tsaya da mota na tambaye shi yaushe biran za su manta.

"Ni ƙwararre ne a kan mantar da biri," ya ce, bai sauke hannu ba. "Amma kada ka gaya wa Manaja, ba sauri nake yi ba. In suka manta, taga za a mayar da ni."

Yana faɗa na ga yatsunsa na hagu sun saki wani ɗan abu ta ƙarƙashin kujera, Ciyaman ya taka shi da ƙafa yana kallon wani wuri.